Mika'ilu Mai Taki da Turancinsa

Mika'ilu ɗan wana ne, kuma a gabana ungozoma ta yanke masa cibiya, saboda haka ba wanda zai koya mini shi. Yaran Markawa na yanzu abin da suka sani kawai shi ne mutumin nan mai furfura da ke zama gindin darbejiya yana ɗinkin mangala, wanda in ka miƙa masa ɓarin goro zai miƙe tsaye ya yi maka Turanci. Ni na san shi tun yana da jaki, yana da rumbu cike, bakinsa kuma bai san wani yare ba sai wanda uwarsa ta ba shi.

Sana'arsa taki. Wanda bai zauna ƙasarmu ba zai ji abin kamar zagi. Nan tsakanin Bici da Kano gona jikin gona take, ba wani daji da za a ce a bar wannan ta huta a koma waccan. Gonar da kakanka ya noma ita kake nomawa kowace damina, kuma ba abin da ke riƙe da ita sai abin da ka zuba mata. Shi ya sa kowane gida da jujinsa a ƙofa: toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, ruɓaɓɓen kara, ana tarawa tun kaka har hadari ya fara haɗowa. A zamaninmu in ana neman 'yar mutum, tsofaffi kan bi ta ƙofar gidan manemin su ga tsayin jujin kafin su tambayi asalinsa.

Mika'ilu ya gaji hanyar daga ubansa. Ya ɗora wa jakinsa Auraki itace ko kara ya kai gefen birni, ya dawo da mangala cike da sharar mutanen birni, waɗanda ke zubar da abin da mu muke nema ido rufe. Rabi ya sayar wa masu gona, rabi ya juye a ƙofar gidansa. Da wannan ya yi aure, da wannan ya rufa wa kansa asiri.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Zamanin soja ne, lokacin da ake bin layi don a sayi sabulu. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba mai, har ganyen da akuya ke shinshinawa ta wuce mun dafa. Takin zamani kuwa sai dai a ji sunansa a rediyo. Mika'ilu yana da mata guda, Hure, da yara huɗu da haƙarƙarinsu ya fito ana gani. Ranin nan bai sayar wa kowa ko mangala ɗaya ba. Duk abin da Auraki ya ɗauko a ƙofar gida ake juyewa, har jujin ya kere katanga. Hure takan tsaya ta dube shi ta ce, in dai wannan ya shiga gona, Allah kuma ya ba da ruwa, ita ta gama aika yara gidan mutane da ƙwarya. Wannan tulin shi ne tuwonsu na baɗi, ba su da wani.

Abin da ke damun Mika'ilu shi ne sharar birni ta fara lalacewa. Leda ta shigo. Yakan zauna da yamma yana tsince leda da mataccen batir da fasasshiyar kwalba daga cikin takin, hannunsa duk yanka. Akuyar Hure ta kumbura ta mutu, da aka farke cikin sai ga leda a murɗe kamar igiyar guga. Ni na gani da idona, kwana biyu ban iya kallon miya ba.

To can bayan Rijiyar Zaki akwai wani gidan kiwon kaji, kuma kullum Mika'ilu ya wuce sai ya hangi kashin kaji a tare bayan shingen waya, tsabarsa, ba leda ba kwalba. Ya roƙi maigadin. Maigadi ya ce manajan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, shi kuma ba aikin tafinta aka ɗauke shi ba. In Mika'ilu na so, ya zo ya roƙa da bakinsa. Wannan ne ya kai ɗan wana neman Turanci. Ba aikin gwamnati yake so ba, ba kujera ba. Kashin kaji.

A ranin nan ne Malam Kamilu ya zo mana a kan keke. Yaro ne ɗan birni, siriri, mai ladabi, yana rusunawa ya gaishe ni. Wata ƙungiya ce ta aiko shi ya buɗe ajin manya a gindin tsamiyar firamare bayan la'asar, a koyi Turanci kyauta. Sai dai littafin nasu daga bango zuwa bango zance ɗaya ne: yadda za a zaburar da jama'a su kula da muhalli.

Ranar farko Mika'ilu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya ake cewa a ba ni kashin kaji?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam Kamilu ma ya murmusa ya ce, "Malam Mika'ilu, komai da tsarinsa. Za mu zo wurin."

Kan Mika'ilu ya ɗauki karatun, wannan kam ba zan hana shi ba. Sauran suka yi ta zamewa, shi bai fasa ba. A hanyar birni Auraki yake yi wa bita, har masu zaman ƙofar masallaci suka samu abin yi. In ya wuce sai ka ji, "Bature, an dawo? Shi kuma Aurakin aji nawa yake yanzu?" Shi kuma ya ce da su, "Ya wuce ku dai, don shi yana saurare."

Wata rana ya zo gaishe ni na ce ya juya mini abin da yake ta ɓaɓatu a kai. Ya gyara zama ya ce, "Kada mu sare itatuwa. Mu share unguwanninmu. Ƙazanta tana kawo cuta. Ƙasa amana ce, mu bar wa 'ya'yanmu ita da kyau."

Na ce, "Wanne ne a ciki ba ka sani ba da Hausa?"

Ya ce, "Gwaggo, a Turanci sun fi nauyi."

"Kashin kajin fa?"

"Ba mu kai wurin ba tukuna."

Ana cikin bazara labari ya zo cewa manyan ƙungiyar za su zo, har da Turawa, kuma ƙauyen da ya fi tsabta za a haƙa masa rijiyar burtsatse. Ku tuna rijiyoyinmu sun ja baya, mata tun asuba suke bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Aka zaɓi Mika'ilu ya yi jawabi. Sai Malam Kamilu ya zagaya gari ya dawo fuska a yamutse. Ya ce ga juji a kowace ƙofa, ƙuda na bi, kuma mafi girmansu yana bakin hanyar da motar baƙi za ta fara bi, a ƙofar mai jawabin kansa. Ya ce ya san amfanin taki, ba cewa ya yi a zubar ba, a dai kawar na yini ɗaya. Ya ce ba zai yiwu mutum ya kira jama'a zuwa tsabta alhali nasa na tsaye ba.

Ina za a kai? Gona ba ta kaiwuwa. A shekarar nan har taki sata ake yi, ba mai kai nasa gona sai ya ga hadari da idonsa, kuma jaki ɗaya ba zai kwashe tulin Mika'ilu kafin baƙi su zo ba. Nan ne Alhaji Iliyasu ya yi gyaran murya. Shi ne mai kuɗin garinmu, mai tifar yashi, mai babbar gonar nan ta wajen gari da shi kansa yake kukan ta gaji. Ya ce ga tifarsa fisabilillahi, har da mai. A jibge a gefen gonarsa, na kowa daban, baƙi na tafiya kowa ya zo ya ɗebi abinsa.

Mutanen Markawa da farko sun ƙi, don yunwa ba ta cinye musu hankali duka ba. Mika'ilu ne ya bi su gida-gida. Ya tsaya a zaure ya fara da Turanci, sai ya ga an yi tsit, sannan ya juya da Hausa. Ya kawo zancen akuyar Hure, ya kawo zancen yaran da zawo ya kwashe, ya kawo zancen mata a bakin rijiya. Kuma har zuciyarsa yake yi, wannan ne abin haushin. Da maƙaryaci ne da an gane shi. Magidanta masu gemu suka riƙa gyaɗa kai tun a wurin Turancin, tun ba su ji fassara ba, don kada a ce mai jaki ya fi su wayewa.

Na same shi a gida, Hure na zaune bakin murhu ta haɗe rai.

Na ce, "Mika'ilu, abincin 'ya'yanka za ka ɗora a motar Iliyasu?"

"Gwaggo, ajiya ce. Alhaji ya rantse."

"Da me?"

"Ya ce wallahi."

"Ai da ita yake kurkure baki da safe."

Hure ta ce, "Faɗa masa dai, Gwaggo. Ni na faɗa ya amsa mini da Turanci."

Ya ce, "In ban fara ba, ba wanda zai yi. In aka samu rijiyar nan, Hure, ke za ki fara hutawa."

Ta ce, "Sai in dafa ruwan in raba musu."

Washegari tifa ta tsaya a ƙofarsa, shi ya fara sa shebur da hannunsa. Da mutane suka ga mai taki kansa ya ba da nasa, sai kowa ya saki. Ɗan jujin nawa ma, na awakina biyu, ɗana ya kwashe ya zuba a tifar ina can bakin rijiya. Na dawo na tarar da wurin an share har an yayyafa ruwa, ruwan da muke bin layi a kansa.

Ranar taro an kafa rumfa, an ɗaura lasifika a jikin tsamiya. Gari fes, kamar wanda annoba ta share. Mika'ilu ya fito cikin rigar aro da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, ya kama Turanci bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wata Baturiya har da share ido. Mazanmu suka yi ta tafi, bakinsu a wangale, ba wanda ya san ko zaginsu ake yi. A ƙarshe muka ji sunan Alhaji Iliyasu ya fito tsakiyar Turancin, ashe godiya ce Malam Kamilu ya ƙara masa. Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu, yana gyara babbar riga.

Muna bayan rumfa mu mata. Hure ta taɓa ni ta ce, "Gwaggo, wace gona ake yi wa tarakta yau?" Na kasa kunne. Can wajen gari ana jin gurnaninta ƙasa-ƙasa, tafi na danne shi.

Baƙi suka ci shinkafa a leda, suka sha lemon kwalba, suka dasa 'yan itatuwa aka ɗauki hoto, suka shige mota. Filin da aka share ya koma leda da gwangwani da ƙashin kaza, awakinmu suka afka wa ledar suna lasar mai. Mika'ilu ne ya tuɓe rigar aro ya bi yana tsincewa.

Da gari ya waye maza suka ja jakuna zuwa gonar Alhaji. Ba tuli ko ɗaya. An baje, tarakta ta bi ta juya, gona ta yi baƙi ƙirin daga wannan iyaka zuwa waccan, warin arziki na tashi. Alhaji ya zo yana salati. Ya ce yara ne ba su fahimci umarni ba, mai taraktar kuma na haya ne, jiyan kaɗai ya samu. Ya ce shi ba ya cin haƙƙin kowa, duk wanda ya gane nasa ya ɗauka.

Aka je wurin mai unguwa. Ya ce tun kakanni takin da ya shiga ƙasa ya zama na ƙasar, ba a taɓa kankare gona ba. Gaskiya ne, haka al'adar take, an yi ta ne don kada mai aron gona ya kwashe abin da ya zuba in zai tashi. Amma ya faɗe ta yana kallon ƙasa, da sabuwar hula a kansa.

Malam Kamilu ya zo idonsa jawur. Ya je gidan Alhaji, aka ba shi goro aka rako shi. Ba a jima ba ƙungiyarsu ta mai da shi wani gari, ajin ya mutu a tsakiyar littafi. Rijiya kuwa har yau da guga muke ja. Duk haushin gari sai ya koma kan Mika'ilu. Waɗanda suka fi kowa tafi su suka fara daina amsa sallamarsa, Alhaji kuma suna nan suna rusuna masa a masallaci, don shi ke da hatsin sayarwa.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, ƙofar Mika'ilu wayam. Abu ɗaya ya rage masa. Ya ɗaura wa Auraki mangala ba komai a ciki ya nufi gidan kajin nan. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, ba ƙari na yi ba. Ya shaida wa maigadi cewa ga shi ya zo da Turancin. Maigadi ya dube shi sama da ƙasa ya shiga ya kira manaja. Mika'ilu ya gaishe shi, manaja ya amsa da fara'a, ya tsaya yana jira. Mika'ilu ya laluba cikin kansa, ya tarar duk abin da ke ciki kira ne ga jama'a. Ba kalmar roƙo ko ɗaya. Mutum na tsaye yana kallonsa, sai ya saki abin da yake da shi. Ya yi masa jawabin nan tun daga itatuwa har zuwa amanar ƙasa, yana yi yana nuna tulin da ke bayan waya don mutumin ya gane.

Manaja ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira ma'aikata su zo su ga mai jaki na Turanci, ya sa shi ya maimaita. Ya dubi inda Mika'ilu ke nunawa, kunya ta kama shi, ya dafa kafaɗarsa ya yi magana mai tsawo. Wannan kam maigadi ya fassara ba a roƙe shi ba: manaja ya ce ka yi gaskiya, ƙazanta ce, cikin satin nan za a kawar da ita. Aka ba Mika'ilu lemon kwalba da ɗan dashen darbejiya a leda, aka rufe ƙofa. Daga baya muka ji ashe maigadin ne ke sayar wa 'yan lambu kashin tun da can.

Ya dawo da la'asar, mangala a lanƙwashe, ɗan itace a hannu. Hure ta leƙa mangalar, ta dubi itacen, ta koma ɗaki. Na fi son da ta yi zagi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daminar nan ta yi kyau. Ruwa ya sauka a kan kari, ba fari ba ambaliya. Geron Alhaji ya tashi kamar katanga, mutum a kan jaki ya shiga ba a ganinsa. Na Mika'ilu ya tsaya iya gwiwa, rawaya, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya bi shi ya shanye. Abin da ya girba bai fitar da su sanyi ba. Da kaka ya shiga ƙwadago a gonar Alhaji, shi da rabin mazan garin, suna yanke geron da takinsu ya haifa ana auna musu a kwano. Hure ta koma aika yara da ƙwarya. Kafin rani ya raba, Mika'ilu ya ja Auraki zuwa kasuwar Bici ya dawo da buhun hatsi a ka. Mai taki ba jaki kuwa ya tashi daga mai taki. Bai sake mallakar wani ba.

Dashen nan ya sa shi a ƙofar gida, daidai inda jujin yake. Ƙasar wurin ta sha taki tun zamanin ubansa, itacen ya yi ta tashi kamar ana jan sa. Ga darbejiyar nan yanzu ta rufe rabin hanya, ɗacinta ko akuya ba ta so, gindinta yake zama yana ɗinka wa masu jakuna mangala. Alhaji Iliyasu in ya wuce a mota yakan sassauta ya ce, "Bature, ana shan inuwa?" Mika'ilu kuma ya miƙe ya gaishe shi. Ni in na ga haka sai in tofar in shige.

Jawabin yana nan a kansa bai zube ba. Yaran makaranta kan taru su sa shi ya yi, su yi dariya, ko da yake na lura in ya kai wurin share unguwa sukan sunkuya su tsince ledar da ke ƙarƙashin itacen. Ba ya barin ko ɗaya ta kwana a ƙofarsa.

Kwanan baya na zauna kusa da shi ina hutar da ƙafa, ya gama yi wa wasu yara. Na ce, "Mika'ilu, duk shekarun nan, ka taɓa samun wanda ya faɗa maka yadda ake cewa a ba ni kashin kaji?"

Ya zare allura daga mangalar, ya ja zaren da haƙori ya ce, "Gwaggo, ba mu kai wurin ba."